Mun ba yaran shago makulli, mun hana su magana

Ɗan kasuwar Bahaushe ba ya rowar amana. Zai damƙa wa yaronsa makullin shago da na sito, ya aike shi banki da kuɗin da yaron bai taɓa mafarkin mallaka ba, ya koma gida ya yi barcinsa. Amma yaron nan dai, in mai saye ya taya turmin atamfa ƙasa kaɗan da yadda aka faɗa, sai ka ji ya ce bari ya kira Alhaji. In waya ba ta shiga ba, ciniki ya tashi, mai saye ya taka shagon gaba. A Kantin Kwari na taso ina ganin haka, kuma tun da zama ya kama ni a Kumasi ta ƙasar Gana, ina riƙe da littafin wani shagon yadi a Adum, abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Mai shagon dattijuwa ce, Ba'asantiya. Yawancin Asabar ba ta zuwa, don a garin nan Asabar ranar makoki ce, ga shi kuma ranar ce kasuwa ke ci. A shafin farko na littafin, kowane yadi, na GTP ne ko ATL ko Printex ko ɗan China, an rubuta masa lamba uku: yadda aka saro shi, kuɗin da ake faɗa wa mai saye, da ƙasan da ba a sauka. Abin da ke tsakanin na biyu da na uku fili ne na mai tsaron kanta, ta sallama ko ta ce albarka, ba wanda zai tuhume ta.

Wata Asabar wata Hajiya daga Asawase ta dawo da atamfar da ta saya, ranta a ɓace, rini ya zuba a tsakiya. Yarinyar da ke kanta, 'yar Zango ce daga Aboabo, ta warware turmin, ta fita bakin ƙofa ta ɗaga shi a haske, ta bi layin da ɗan yatsa har ƙarshe. Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifin kaya ne, ba na wanki ba." Ta ɗauko wani ta ba ta, ta rubuta a littafi, ta ɗauki hoton wurin ta tura wa uwar ɗakinta ta WhatsApp. Ba izini ta nema ba, labari ta bayar. Ranar Litinin dattijuwar ta duba, ta sa aka ware shi don a mayar wa wanda aka saro a wurinsa, magana ta ƙare. A gida da wuya a yi haka. Za a ce wa Hajiya ta dawo in maigida ya zo, ta yi ta sintiri, ƙarshe a canza mata ɗin dai, bayan an gama zubar da mutuncin shagon a idonta.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane wannan. A masana'antar Toyota, ma'aikacin da ke haɗa mota yana da igiyar da zai ja in ya ga matsala, har layin ya tsaya in ba a gyara ba. Otal-otal ɗin Ritz-Carlton sun yi suna da bai wa ma'aikaci damar kashe har dala 2,000 don share wa baƙo hawaye ba tare da ya nemi manaja ba. Su ma ba sakin ragama suka yi ba, iyaka suka shata suka ce cikin nan kai ne mai magana.

Abin da ya fi damuna shi ne mu muka riga su. Ayarin da ke tasowa daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro watanni yake yi a hanya. Madugu na da nasa hukuncin, jagaba na da nasa, uban dawaki na da nasa. Attajiri zai ɗora wa yaronsa kanwa da turkuɗi da fata, ya yi masa addu'a, ba zai sake jin ɗuriyarsa ba sai ya dawo. Yaron ne zai duba goro, ya san wanda zai jure tafiya, ya san ranar saye da ranar haƙuri. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, a fataucin goron nan na Gwanja ya fara tara abin hannunsa, kuma da wakilai ya bunƙasa, ba shi kaɗai ke zaga kowace kasuwa ba. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau, irin waɗancan mutanen ne suka kafa su. Sai waya ta zo, maimakon ta sauƙaƙa aiki, ta ƙwace wa yaro ɗan ikon da nisa ya ba shi. Maigida na Makka yana ɗawafi, ana jiransa ya faɗi kuɗin yadi biyar.

Na taɓa tayar da zancen da wani dattijo mai shagon hatsi a nan Zango, wanda babban yaronsa ya yi furfura a hannunsa amma bai san nawa ake saro buhu ba. Na ce, "Baba, me zai hana ka nuna masa?" Ya ce, "Ɗana, ran da ya san uwar kuɗi, ran nan zai buɗe nasa a gabana." Ban raina tsoronsa ba, an sha cin amana, kuma wanda aka taɓa yashewa ba a ce masa ya cika zargi. Amma yaron da ke ɗaukar kaya daga mota kullum, yana hira da direbobin Techiman da Tamale, ya daɗe da sanin farashin. Abin da ɓoyewar ke koya masa kawai shi ne ba a ɗauke shi ɗan gida ba. Kuma in ya buɗe nasa, ai da ma can burin maigida na gari ke nan, ya sallami yaro da jari, ya zama abokin cinikinsa. Inyamurai na Sabon Gari na yin wannan da wa'adi sananne. Mu muna barin sa a "in Allah ya kawo lokaci", lokacin kuwa a bakin mutum ɗaya yake.

Kar a ɗauka nan aljanna ce. Akwai ofisoshi a Kumasi da takarda za ta kwana mako a tebur don oga bai sa hannu ba. Akwai kuma masu shagon da ke kiran abin ba da dama, alhali kaya suka jibga wa ma'aikaci: shi ne mai saye, shi ne mai sayarwa, shi ne mai gadi, in an yi asara a cire a albashinsa, in an ci riba ko sannu. Wannan zalunci ne. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce wanda zai yi aikin wata shida ko fiye a rubuta masa yarjejeniya, kuma yana da hutun kwana 15 na aiki a shekara. Dokar fansho ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 5.5. A cikin kasuwa masu cika wannan ba su da yawa, amma aƙalla ma'aikaci ya san akwai abin da zai nuna. Yarinyar shagonmu tana da albashi a rubuce da ɗan kamasho a kan abin da ta sayar, shi ya sa ba ta saurin faɗawa ƙasan farashi, sai ta ja ciniki kamar jarinta ne. Yaron da ke rayuwa a kan kuɗin abinci da ɗinkin salla, ko an ce ya yanke hukunci ba zai yanke ba, don kuskure ɗaya ya isa a tsinka shi a gaban mutane.

Wannan tsinkawar ita ce ke kashe zuciya. Wanda aka ba dama dole wata rana ya sayar a ƙasa, ko ya ba da bashi inda bai dace ba. In aka ja shi gefe bayan an rufe shago aka nuna masa a littafi, gobe ya fi yau. In aka yi masa tsawa a gaban masu saye, ya koma kiran waya har abada.

Hisabin yakan zo ran da maigida ya kwanta ciwo ko ya cika. Na ga shaguna a Kwari da a nan Zango da ba su kai shekara ba bayan rasuwar mai su, ba don kaya sun ƙare ba. Yaran da suka yi shekaru a ciki ba su san wa ake saro wa kaya ba, ba su san wa ke bin shagon bashi ba, balle wa shagon ke bi. Magada su zo da malamin rabon gado, a buɗe durowa, a tarar da 'yan takardu marasa suna da wayar marigayi a kulle.