Yaushe Rabonka Da Ajin Ɗanka?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwana iyaye, maza da mata, tambaya ce da ni, kuma kaina na fara yi wa ita: yaushe rabonka da taka ƙafa cikin ajin da ɗanka yake zama? Tsayawa a bakin ƙofar makaranta ba ya cikin lissafi, haka ma zuwa ofishin hedimasta ranar da aka kira ka saboda yaro ya yi faɗa.

Ni dai 'yata ta shekara biyu a firamare ban san launin bangon ajinsu ba. Abin da ya kai ni ma ba abin yabo ba ne. Kuɗin tara ta manta, uwarta ta ce in miƙa mata a hanyata ta kasuwa. Na tsaya jikin taga ina neman ta. Malama ɗaya ce, alli a hannu, murya duk ta dushe. Yara biyar a bencin mutum uku, sauran a ƙasa har gindin allo. Na fara ƙirga kawuna, da na haura 80 sai na haƙura. Malama ta rubuta "Bala ya tafi gona", ta karanta, aji ya ɗauka da ƙarfi har kwanon rufi yana amsawa. 'Yata na cikin masu ɗaga murya, na ji daɗi na wuce. Da dare na rubuta mata "gona" ita kaɗai a bayan kwalin sukari, na ce ta karanta. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba."

Da farko malamar na ji wa haushi. Sai na zauna na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Darasin minti 35, yara 80: ko da ba ta rubuta komai a allo ba, ba ta raba faɗa ba, ba ta kira rajista ba, kowane yaro bai samu rabin minti ba. Tsarin ilimi na Najeriya cewa ya yi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Baiwar Allah nan aikin mutum biyu da ɗoriya take yi, ni kuwa da na haifi yarinyar ina rumfa ina jiran katin sakamako.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku kare kawunanku da iyalanku daga wuta." Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin kiwonsa, namiji makiyayi ne a cikin iyalinsa, mace makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa. Wanda ya taɓa ba da kiwo ya san ko ka damƙa wa wani tumakinka, kana zagayawa ka ga ko sun sha ruwa. To ina ga ɗan da ka haifa? Ɗinka yunifom da sayen jaka wani yanki ne na amanar. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba da karatun shekara 9 kyauta, kuma dole mu ci gaba da neman haƙƙin nan a wurinta. Amma ranar hisabi, tambayar da za a yi wa hukuma daban, wadda za a yi wa uba daban.

Ku dubi abin da ya faru bayan yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan Hijira. Cikin fursunonin Ƙuraishawa akwai waɗanda ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu. Sai aka sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu, kowane mutum yara 10. A lokacin Musulmi suna cikin tsananin buƙatar dukiya, amma aka ɗauki zaman mutum da yara goma yana nuna musu baƙi a matsayin abin da ya kai ya 'yanta wuya. Yara 10 fa, 'yan uwa, adadin da kowannenmu zai iya zaunarwa a kan tabarma ɗaya ƙarƙashin darbejiyar makaranta.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu ba su bar malamin allo shi kaɗai ba: ga kuɗin Laraba, ga tuwon dare, ga gayya a gonarsa da damina. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, mata dattijai masu zagaya ƙauyuka suna karantar da 'yan uwansu mata a tsarin 'Yan Taru, ba albashi, ba takardar ɗaukar aiki. Da boko ya zo ne muka ce makaranta ta gwamnati ce, muka naɗe hannu. Muna rige-rigen sayen bulo idan za a gina masallaci, muna ciyarwa da azumi, Allah ya karɓa. Amma ajin da ake koya wa limamin gobe haɗa baƙi da wasali, ba mai leƙawa.

Bayan sati biyu na koma, na yi sallama da hedimasta, na ce, "Malam, ina da awa ɗaya duk ranar Laraba kafin in buɗe rumfa, me zan iya yi?" Ya yi shiru yana kallona, don ya ɗauka ƙara na kawo. Daga baya ya haɗa ni da malamar. Ta ware min yara tara da suka fi baya a karatu, ta ba ni gutsuren kwali da ta rubuta ba, bi, bu, ta ce, "Alhaji, wannan kaɗai za ka yi ta maimaita musu, kada ka wuce." Ni da nake ganin zan koya musu abin duniya, ashe "ba" da "da" ma sai mun yi sati uku muna rarrabewa. Akwai wani yaro da kullum yake juyar da kwalin ƙasa sama. Sai da na matso da shi kusa na gane ba ya gani sosai daga nesa, kuma shekara biyu yana zaune a layin ƙarshe. Aka dawo da shi gaba, aka aika wa mahaifinsa.

Kada wani ya ce shi bai yi boko ba. Kafinta zai iya zuwa da guduma da ƙusa ya ɗaure bencin da ke yaga wa yara wando. Tela ta ɗinke jakunkuna da labulen taga. Uwa ta zo da safe ta taya 'yan aji ɗaya fiƙe fensir, ta raka masu jin fitsari, ta cika randa. Kaka ta zauna ta yi musu tatsuniya a darasin Hausa. Mai shago ya zo da ƙwallayen dabino ya nuna musu tarawa da ɗebewa. Matar nan da take share masallacin Annabi (SAW), da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, sai da ya nemi a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Tsintsiya ce kawai aikinta. Akwai kuma kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai a makarantun gwamnati, ƙofa ce a buɗe, sai dai da yawanmu ba ma zuwa taro sai in an ce za a raba wani abu.

Sai dai shiga aji yana da ladubba, kuma nan ne wasu suke ɓata ladansu. Ka nemi izinin hedimasta da malamin aji tukuna. Idan ka shiga, malami shi ne shugaba ko da ka haife shi, ko da kana da digiri uku. In ka ga kuskure, ka faɗa masa a keɓe, kada ka gyara shi a gaban yara. Hannunka kada ya taɓa bulala. Ɗanka ɗaya ne daga cikin yaran, ba sarkin aji ba, ni ma sai da na roƙi kada a sa 'yata a rukunina. Kada namiji ya keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki, a zauna a fili inda kowa ke gani. Abin da ka gani na ɗan wani, rashin ƙoƙari ne ko yagaggen kaya ko fitsarin wando, amana ne, ba labarin majalisa ko gidan biki ba. Waya kuma ta zauna a aljihu. Ɗaukar hoton 'ya'yan mutane a ɗora a Facebook don a ce wane yana taimakon makaranta, wannan a binciki niyya.

Kada kuma a ɗauko da zafi. Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wanda ya zo kullum na sati guda sannan ya ɓace, ya bar malama da yara suna leƙen ƙofa. Gara ka ce sau biyu a wata ka cika.

Yanzu mu huɗu ne a ajin: ni, da wata mai ƙosai da take zuwa bayan ta sauke kasko, da tsohon ma'aikacin gidan waya, da matar wani maƙwabcina. Litinin da Juma'a har yau babu kowa. Larabar da ta wuce yaron nan na layin ƙarshe ya tare ni tun daga bakin ƙofa, ya ja ni wurin tankin ruwan makaranta, ya ɗora yatsa a kan rubutun jiki, ya karanta min "ru", ya numfasa, ya ce "wa".