Sayen sabuwar kwamfuta ba shi ne kaɗai mafita ba

Wani labari da na karanta ya faɗi gaskiya cewa Microsoft ya daina sabunta tsaron Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, amma shawarar da marubucin ya bayar ta sayen sabuwar kwamfuta ba ta dace da halin da muke ciki a Yamai ba. Ɗalibai da yawa a Jami'ar Abdou Moumouni tsofaffin kwamfutoci suke riƙe da su, waɗanda ba su da TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta da Windows 11, magajin Windows 10, ke buƙata. Ni dai Linux Mint, wata babbar manhaja ta kyauta da ke maye gurbin Windows, na sa wa tawa, ban biya ko dala ba, kuma LibreOffice, manhajar rubutu da ayyukan ofis, yana biya mini buƙata, ko da yake rubuta ƙ da ɗ ya wahalar da ni da farko.