Masu son sauƙaƙa wa ɗalibai tarihin Rum, cutarsu suke yi

Tun a 2021 da sashen nazarin tsoffin daulolin Girka da Rum na Jami'ar Princeton a Amurka ya amince ɗalibi ya kammala digirinsa a fannin ba tare da ya koyi Latin ko Girkanci ba, maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Hujjar da aka bayar ita ce yaron da ya fito daga makarantar da ba a koyar da Latin yana shigowa ne a baya, don haka a cire masa shingen. Niyyar mai kyau ce, ba wanda ya musa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wannan tunani ya zama maganin kowane kukan ɗalibi. Karatu ya yi yawa, a rage. Sunaye sun yi kama da juna, a tsallake. Tsofaffin marubuta suna da wuyar bi, a ba da taƙaitawa. Alhali duk wanda ya san kwas ɗin tarihin Rum daga ciki ya san cewa wuraren da ɗalibai ke kuka da su, nan ne ake koyon abin da aka zo koya.

A duba abin da ɗalibi ke cin karo da shi. Kwas na gama-gari yakan tashi daga 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shekarar da Rumawa suka ce an kafa birnin Roma, ya dire a 476 Miladiyya, lokacin da aka tuɓe sarkin ƙarshe na ɓangaren yamma. Shekara fiye da 1,200 ke nan a zangon karatu na mako 12 zuwa 15, kusan ƙarni guda kowane mako. Tuntuɓen farko na lissafi ne. Shekarun kafin Miladiyya da baya-baya ake ƙirga su, saboda haka 218 ta riga 146 zuwa, kuma ƙarni na biyu daga 200 yake farawa ya ƙare a 101. Ɗalibai da yawa sai an kai tsakiyar zango kafin hannunsu ya faɗa, suna ta sa sakamako gaban dalili. Su kansu Rumawan ba da lamba suka saba kiran shekara ba, da sunayen shugabanni biyu masu muƙamin konsul da suka riƙe mulki a shekarar suke kiranta.

Sai sunaye. Namiji ɗan babban gida yana da suna uku: nasa na kansa, na zuri'a, da na reshen gidansu. Sunayen farkon da aka fi amfani da su ba su kai 20 ba, kuma a taƙaice ake rubuta su. Harafin C. na nufin Gaius, Cn. kuma Gnaeus, abin da ke kayar da kowane sabon shiga. Mace sunan zuri'ar ubanta take ɗauka, duk 'ya'ya matan gidan Julius sunansu Julia. Akwai Scipio Africanus da ya karya Hannibal, jagoran yaƙin Carthage, abokiyar gabar Roma, a Zama a 202 kafin Miladiyya, akwai kuma wani Scipio Africanus, jikansa na riƙo, da ya rushe Carthage a 146. Cato biyu ne, Pliny biyu, Seneca biyu. Yaron da Julius Kaisar ya mayar ɗansa a cikin wasiyya sunansa Octavius, ya koma Gaius Julius Kaisar sak irin na uban riƙonsa, littattafan zamani suna ce masa Octavian, daga 27 kafin Miladiyya kuma ya zama Augustus. Wanda ya ce a share wannan rikici don a huta bai san abin da ke ciki ba. A nan ɗalibi ke gane cewa siyasar Roma ta gidaje ce, ana gadon suna tare da magoya bayansa, kuma tsofaffin sojojin Kaisar sunan suka bi har wajen yaro ɗan shekara 18.

Babbar girgizar tana zuwa ne ranar da ɗalibi ya gane labarin da ya haddace isnadinsa a yanke yake. Livy, wanda daga wajensa aka samu yawancin labarin farkon Roma, a zamanin Augustus ya yi rubutu, kimanin shekara 700 bayan kafa birnin. Barumen farko da ya rubuta tarihin garinsu, Fabius Pictor, wajajen 200 kafin Miladiyya ya yi aikinsa, da Girkanci ma. Livy da kansa ya faɗa cewa yawancin tsofaffin takardu sun salwanta lokacin da mayaƙan Gaul suka ƙone birnin wajajen 390. An ce sarakuna bakwai ne suka yi mulki daga 753 zuwa 509, shekara 244, wato kowanne kimanin shekara 35 a jere, alhali wasunsu kashe su aka yi. Wanda ya taɓa zama ya tara shekarun sarautar da ke cikin Tarihin Kano don ya ga yadda aka kai ga 999 Miladiyya a matsayin hawan Bagauda ya san irin wannan aikin, ya kuma san inda ƙafa ke zamewa. Sannan daga juzu'i 142 da Livy ya rubuta, 35 kaɗai suka iso gare mu.

A yaƙin Cannae na 216 kafin Miladiyya, inda Hannibal ya ci Rumawa, Polybius ya ce Rumawa kimanin 70,000 aka kashe, Livy ya ce 48,200. Ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauki babbar lambar don ta fi ban tsoro, ko ya raba tsakiya. Wanda aka horar sai ya tambaya: waye Polybius? Bagirke ne da aka kawo Roma a matsayin garkuwa a 167, ya zama na hannun daman ƙaramin Scipio. Shi kuwa wannan Scipio jika ne na jini ga Aemilius Paullus, konsul ɗin da ya mutu a Cannae. To, ba mamaki da labarin ya wanke Paullus ya ɗora laifin duka a kan abokin muƙaminsa Varro. Ɗalibin da ya taso yana jin malamai suna tambayar waye ya ruwaito, daga wa ya ji, amintacce ne ko yana da wata manufa, ya riga abokan ajinsa da taki ɗaya ko bai sani ba.

Yanzu batun harshen da Princeton ta yafe. Augustus ya bar bayanin ayyukansa, aka sassaƙa shi a bangon wani haikali a Ankara ta Turkiyya da Latin da Girkanci. Kusa da ƙarshe ya ce bayan 27 ya fi kowa auctoritas, amma bai fi abokan muƙaminsa potestas ba. Ta biyun iko ne da doka ta ba mai kujera. Ta farkon kuwa ƙima ce da faɗa-a-ji, irin wadda dattijo ke da ita ko ba ya riƙe da muƙami. Dukan dabarar mutumin da ya zama sarki bai yarda an kira shi sarki ba tana tsakanin kalmomin nan biyu. Wurin kalmar farko a bangon Ankara ya goge. Theodor Mommsen, babban masanin Jamus na ƙarni na 19, ya duba Girkancin ya cike gurbin da dignitas, kuma haka aka yi ta karantawa har aka tono gutsattsarin wani kwafin a Antakiya ta yankin Pisidia, aka ga auctoritas ce. Idan Mommsen zai zame a kan kalma ɗaya, ina ga yaron da fassarar Ingilishi kaɗai aka miƙa masa?

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Dictator a jamhuriyar Roma muƙami ne na doka, na wata shida, don lokacin gaggawa. Familia ta haɗa da bayin gida. Majalisar dattawa ba ita ke zartar da doka ba a zamanin jamhuriya, shawara take bayarwa, taron jama'a ne ke kaɗa ƙuri'a. Ɗalibin da ya ɗauki ma'anar yau ya liƙa wa waɗannan kalmomi zai rubuta shafi biyar masu tsabta a kan ƙasar da ba a taɓa yi ba.

Shi ya sa jarrabawar da ta fi tona asiri ita ce wadda ake ba ɗalibi ɗan guntun nassi, layi shida ko takwas, a ce ya yi sharhi cikin 'yan mintuna. Abin da ake nema a fili yake: waye mai maganar, yaushe ya rubuta, wa yake so ya ji, me ya tsallake, wace shaida ce ta saɓa masa. Inda maki ke zubewa kuma kullum wuri ɗaya ne, ɗalibi ya sake ba da labarin da nasa kalmomin ya ɗauka ya yi sharhi. Wanda ya dogara da taƙaitawar ƙirƙirarriyar basira a nan yake faɗuwa ƙasa warwas, domin taƙaitawa tana goge kalmar "an ce". Marubuci Suetonius cewa ya yi an ce sarki Caligula ya yi niyyar naɗa dokinsa konsul, bai ce ya naɗa ba. Marubuci Tacitus ya ce sarki Nero yana garin Antium lokacin da gobarar Roma ta 64 Miladiyya ta tashi, kuma jita-jita ya kira labarin waƙar da aka ce ya rera birni na ci da wuta. Sai an buɗe shafin da ido ake ganin wannan.

Ɗaliban da suka jure sukan samu ladansu a rabin zango na biyu, lokacin da aka fito da shaidun da ba na manyan marubuta ba. A sa musu kuɗin azurfa a gaba, su ga na zamanin Augustus kusan zalla ne, na sarki Septimius Severus ya koma kusan rabi, zuwa wajajen 270 Miladiyya azurfar da ke cikin kuɗin da ke yawo ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Daga nan dokar sarki Diocletian ta 301, wadda ta ƙayyade farashin kaya fiye da 1,000 da barazanar kisa, ba ta buƙatar dogon bayani. Ko allunan Vindolanda da aka fara tonowa a 1973 a arewacin Ingila, 'yan siraran katako masu rubutun tawada. A ɗaya daga ciki, wajajen shekara ta 100, Claudia Severa tana gayyatar ƙawarta Sulpicia Lepidina bikin ranar haihuwarta. Magatakarda ya rubuta wasiƙar, ita kuma ta ƙara gaisuwar ƙarshe da hannunta, rubutun ya bambanta da na sama.

Akwai masu cewa ai duk wannan tarihin Turawa ne, me ya dame mu. Ko taswira ba su duba ba. Septimius Severus da ya mulki daular daga 193 zuwa 211 haifaffen Leptis Magna ne a Libiya. Augustine, wanda tunaninsa ya gina Kiristancin yamma, a Souk Ahras ta Aljeriya ta yau aka haife shi a 354. Alkamar Masar da ta Tunisiya ce ta ciyar da birnin Roma. A 1910 masu tono suka samu kan mutum-mutumin Augustus na tagulla a Meroe ta Sudan, idanunsa na gilashi da dutse suna nan, binne ƙarƙashin matakalar haikali don masu shiga su riƙa taka shi. Mayaƙan Kush ne suka fizgo shi daga kudancin Masar. Daular da ta ci gaba a gabas har 1453 kuwa ita ce Rum ɗin da sura guda ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunanta, kuma sarkinta Hiraƙla, wanda ya yi mulki daga 610 zuwa 641, duk almajirin sira ya san shi. Abin takaici, a shekarar da Princeton ta yi nata, Jami'ar Howard ta baƙar fatan Amurka ta rushe sashenta na wannan fanni da sunan sake fasali, sashen da masani Frank Snowden ya shafe shekaru yana bincike a ciki kan baƙar fata a duniyar Girka da Rum.

Ga inda zancen ya fi yi mini ciwo. An ce don ɗan talaka aka cire Latin. To ɗan mai kuɗi da ya fito daga makarantar kuɗi har yanzu da Latin ɗinsa yake zuwa, ba wanda ya ƙwace masa. Manyan sassan fannin kuma ba sa ba da digirin digirgir sai da Latin da Girkanci, har da iya karanta Jamusanci da Faransanci ko Italiyanci. An buɗe wa yaro ƙofar zaure an kulle ta cikin gida, ana kuma jiran ya yi godiya. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Wannan ba tausayi ba ne, raini ne, domin ƙarshen maganar shi ne ba a yarda zai iya ba.

Abin yi bai ɓuya ba. A koyar da harshen daga tushe a shekarar farko, a ba wanda ya zo a baya ƙarin lokaci da malami. A rage faɗin zamanin da kwas ɗaya ke ɗauka maimakon a rage zurfinsa. Jami'ar Ibadan tana da sashen wannan fanni tun 1948, jami'o'in Legon da Cape Coast a Ghana suna koyar da shi, kuma ba da ɗaliban da aka haifa da Latin a baki suke aiki ba.

Babban kundin rubuce-rubucen Latin na kan duwatsu da aka fara tarawa a Berlin a ƙarni na 19 ya ƙunshi kimanin 180,000, kuma da Latin ɗinsu aka buga su. Kaso mai yawa duwatsun kabari ne na sojoji da 'yantattun bayi da ƙananan yara, mutanen da Livy da Tacitus ba su ambata ba. Ɗalibin da ya yi zango ɗaya na Latin zai iya karanta su: D.M. a sama sadaukarwa ce ga ruhohin matattu, V.A. da lamba na nufin ya rayu shekara kaza, H.S.E. a ƙasa na nufin a nan yake kwance. Wanda aka yafe wa harshen kuwa sai ya tsaya ya jira ɗan makarantar kuɗi ya karanta masa.