Mun biya kuɗin bidiyo, an kawo mana ƙarar janareta

Wata huɗu ke nan da kammala jerin laccocin da muka shirya a nan Sakkwato kan tarihin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma har yau raina bai daina ɓaci ba a kan abin da masu ɗaukar bidiyon da muka ba aikin suka yi mana. Malamai shida muka gayyato, kowa da ranarsa. Yarjejeniyar kuwa a rubuce take: za su ɗauki kowace lacca, su tace ta, su haɗa mata taswira mai motsi da sunayen wurare da shekaru, domin ɗaliban da ba su sami halarta ba su kalla a YouTube. Sun karɓi kafin alƙalami mai tsoka, suka cika baki cewa sun saba irin wannan aiki.

Tun ranar farko na tambayi shugabansu ina ƙaramin makirufon da ake maƙala wa mai magana a wuyan riga, ya ce mini, "Alhaji, kada ka damu, na jikin kyamara ya isa." Bai isa ba. Duk wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ba a zama a ɗakin taro sai da fankoki, kuma idan aka ɗauke wuta dole a tayar da janareta. Abin da kyamarar tasu ta kwaso ke nan: rurin inji da kaɗawar fanka, muryar malami kuwa can ƙasa kamar daga cikin rijiya, alhali waya guda da za su jona da na'urar lasifikar ɗakin ta wadatar.

Taswirar kuma abin kunya ce. Yaron makaranta a garin nan ya san cewa Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma Gudu tana arewa maso yamma da Sakkwato, wajen iyakar Nijar, amma sai ga kibiyarsu ta nufi gabas, ta je ta tsaya kusa da Alƙalawa, wato sun kai Shehu hijira cikin birnin Sarkin Gobir Yunfa, birnin da bai faɗi ba sai 1808. Rubutun ajami da muka ba su ya fito a wargaje, haruffa a rarrabe kuma daga hagu zuwa dama, saboda ba su saita manhajar yadda za ta karɓi rubutun Larabci ba. Na boko ma bai tsira ba, domin duk inda ƙ ko ɗ ta zo sai wani ɗan akwati ya maye gurbinta, har a cikin sunan Shehun kansa.

Waɗannan duka za a iya gyara su. Wanda ya fi ci mini rai shi ne lacca ta biyar, wadda wani dattijo da ya haura shekara tamanin ya gabatar kan Nana Asma'u, 'yar Shehu, da 'Yan Taru, wato ƙungiyar ilimantar da mata da ta kafa. Sa'a biyu ya yi yana magana ba tare da takarda ba, yana kawo abin da ya ji daga bakin kakarsa game da jajis, wato malamai mata na 'Yan Taru, da ke bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Bayan mako uku ana yi mana yawo da hankali, suka amsa cewa wani yaronsu ya goge memorin domin ɗaukar biki, kuma ba su ajiye kwafi ko ɗaya ba. Kalmar da na samu ita ce "a yi haƙuri", sannan aka tuna mini da cikon kuɗi.

Ba zan biya cikon nan ba, kuma ina neman su miƙo mana ɗanyen abin da suka ɗauka na sauran laccoci biyar, mu kai wa wanda ya san aikinsa. Jiya na je gaishe da dattijon a gida, na same shi kwance, muryarsa da ƙyar take fita. Ya tambaye ni yaushe jikokinsa za su ga bidiyon, na rasa bakin da zan gaya masa.