Yadda Littafina Mai Shafi 48 Ya Kai Ni Gaban Mai Unguwa

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare. Shekara goma sha biyu ina sa yara rubuta insha'i, ina bin su da jan biro ba tausayi. Sai bara zuciyata ta raya mini cewa ni ma in rubuta nawa a gani. Da ma ana cewa wanzami ba ya son jarfa, ban gane zurfin maganar ba sai da aka riƙe nawa kan.

Unguwarmu tana can bayan sabuwar Jami'ar Bayero, idan ka bi titin Gwarzo ka saki kwalta ka shiga ƙura. Irin unguwar nan ce da za ka ga gida ɗaya ginanne, kango uku, sai fili da aka rubuta wa "ba na sayarwa ba ne" da gawayi. Kowa baƙo ne, ba wanda ya san kakan wani. Ƙarfe tara na dare in ta yi, ba ka jin komai sai usur ɗin 'yan sintiri da haushin karnuka. Na ce ai wannan wurin labarin fargaba ne, Allah ya kawo mini har ƙofa.

Labarin bai da tsawo. Wani ɗan garuwa ya ɓace. Wata matar aure da ba ta iya barci tana jin ana sarar ƙasa da tsakar dare daga wajen gidan wani Alhaji mai baƙin ƙyaure, wanda ba ya zama majalisa, ba ya yawan gaisawa. Kowa ya ɗora masa zargi. Sai a shafi na 46 ta bayyana cewa Alhajin bawan Allah ne, shi ke biya wa marayun unguwa kuɗin makaranta a ɓoye, mai laifin kuwa maigadin kangon da ke kusa ne. Da na rubuta shafin nan, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Asali shafi sittin da wani abu ne. Mai ɗab'i ya ce mini tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 takarda ta zama gwal, kuma shi shafi goma sha shida-shida yake ninkawa, don haka ko 64 ko 48. Na leƙa aljihu, aljihu ya ce 48. Aka buga kwafi ɗari.

Uwargida ce ta fara karantawa. Ta ɗauka bayan la'asar, tana zaune kusa da tukunya, kafin a kira magariba ta gama, tuwo ma bai kama ba. Ta juya bangon baya, ta girgiza littafin kamar wata takarda za ta faɗo.

"Malam, ina ragowar?"

Na ce ya ƙare.

"Ya ƙare kamar yaya? Ba wanda ya auri wani fa. Ita kuma matar nan da ba ta barci, na duba ko'ina ba a yi mata kishiya ba. To me ya hana ta barci?"

Ba na ganin laifinta sosai. Ita da littattafan shagon haya ta tashi, na ɗaya, na biyu, na uku, wani ma har na huɗu, kowanne ya tsaya daidai inda aka kawo lefe ko aka yanke jiki aka faɗi. Sai na gyara zama irin na aji, na ce mata littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da aka yi a Zariya a 1933, aka buga a 1934, duk sirara ne, kuma har yau ana karanta su a makarantu. Ta ce, "Su lokacin takarda ke musu wuya. Kai mene ne uzurinka?" Na yi shiru, don uzurin nawa ma shi ne.

Kwafi ashirin na kai wa mai shagon bakin layi, ya jera su tsakanin sabulu da taliyar yara. Kwana uku aka sayi tara, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Ranar na huɗu ina tsaye ina jiran canji, wata yarinya ta zo saye wa yayarta. Ya miƙa mata a leda, ya ce, "Ki gaya mata maigadin ne ya kashe shi, ba Alhaji ba."

Na ce, "Haba, bawan Allah! Me ka yi haka?"

"Allah ya gafarta Malam, ai kowa sai na gaya masa. Kada mutum ya yi shafi arba'in yana ɗaukar alhakin Alhaji a banza. Zato zunubi ne."

Ashe shi daga baya yake fara karatu, ya ce haka ya fi kwanciyar hankali.

Majalisar bayan isha'i kuwa, can aka yi mini fiɗa. Akwai wani tsohon injiniya da ya yi ritaya, ya zo da kwafinsa ya nannaɗe kusurwoyin shafuka. Ya buɗe shafi na 11, ya haska da fitilar waya, ya karanta da ƙarfi inda na ce da ƙarfe biyun dare wuta ta ɗauke, unguwa ta yi duhu. Ya ɗago kai ya ce, "Wace wutar? Ai sai an kawo ake ɗaukewa." Aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Wani kuma ya kama ni a kan ramin. Na ce maigadi ya haƙa shi kaɗai da shebur a dare ɗaya, a watan Maris. Ya ce ƙasar unguwar nan marmara ce, da rani ko diga tsalle take yi a kanta, shi leburori uku ya sa suka haƙa masa sokawe, kwana huɗu suka yi, ɗaya har ya gudu bai karɓi kuɗinsa ba. Ba wanda ya ce ya ji tsoro. Na tambaya da bakina, aka kalli juna.

Amma sukar da ta fi shiga jikina daga ɗan garuwar da ke kawo mana ruwa ta fito. Shi ba ya karatun boko, wani almajiri ne ya karanta masa a gindin bohol. Ya sauke jarkoki, ya goge goshi, ya ce yana da magana biyu. Ta farko, na rubuta jarka naira hamsin, yanzu matan unguwa suna cewa ai haka yake a littafi. Ta biyu ya rage murya.

"Malam, mutumin ya ɓace, to kurarsa fa? Da jarkoki goma sha biyu?"

Na ce ban kawo zancenta ba.

"Ai kura ba tamu ba ce, haya muke ɗauka, kullum da yamma sai mun kai balas. In na ɓace yau, ba uwata ce za ta fara nemana ba, mai kura ne. Kafin hantsi ya juye unguwar nan. Labarinka da shafi huɗu ya ƙare."

Na shiga ɗaki na zauna. Digiri ɗaya, shekara goma sha biyu a aji, ban taɓa tunanin kurar nan ba.

Bayan sati biyu aka aiko yaro, wai mai unguwa yana nemana. A hanya ne na fara ƙirga ƙyamare, abin da ya kamata in yi tun kafin in ɗauki biro. Baƙaƙe uku ne a unguwar. Na iske masu su duka ukun a kan tabarma, kowa ya sha babbar riga. Na durƙusa na yi gaisuwa, ina haɗa kalmomin ban haƙuri a raina.

Ashe ba ƙarata suka kawo ba, junansu suke ja. Kowanne ya ce shi ne Alhajin littafin. Ɗaya ya ce ƙyaurensa ya fi baƙi. Na biyu ya ce kowa ya shaida shi ne ba ya zama majalisa. Na ukun bai ce komai ba, sai dai ya riga ya sayi kwafi goma sha biyar ya aika wa dangi a Haɗeja. So suke in faɗa a gaban shaidu wa nake nufi da mai biya wa marayu. Ni kuwa ban san ɗayansu da ya taɓa biya wa ko da ɗan maƙwabci kuɗin jarrabawa ba, amma ba a faɗin haka a zaure.

Masu ƙarar gaskiya suna can gefe a tsugune, masu gadi bakwai. Babbansu ya ce tun da littafin ya fito an daina aiko musu da tuwon dare, yara na ganinsu suna rugawa, wata Hajiya ma ta leƙa bayan kangon da yake gadi tana tsokanar ƙasa da sanda.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce shi jikansa ya fara karanta masa, barci ya ɗauke shi a shafi na tara, amma ya fahimci matsalar. Hukunci shi ne in rubuta na biyu, a ciki ɗan garuwa ya dawo da ransa, a ce gida ya je noma.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na binne shi a shafi na 46."

Ya ce, "Kai ka binne shi, kai za ka tono shi. Wannan karon ka nemi diga."

Yau wata biyu ke nan ina kan shafi na uku. Jiya na je sayen sukari, na iske mai shago yana gaya wa wata tsohuwa cewa a na biyun ashe tagwaye ne.