Askin tumaki a Wales ya sa na ƙara ganin darajar tunkiyarmu 'yar ƙasa

A watan Yunin da ya wuce wani manomi da muke gaisawa da shi a nan kusa da Aberystwyth, a ƙasar Wales, ya ce in zo in ga ranar askin tumakinsa. Na isa da sassafe na tarar an riga an kora garken cikin shinge. Tun jiya aka shigar da su rumfa don kada ruwa ya taɓa su, saboda ba a aske jiƙaƙƙen gashi.

Masu askin su uku ne, kowa da injinsa rataye a sama. Mutum zai jawo tunkiya ya zaunar da ita kan gindinta, ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, sai ka ga ta yi laƙwas. Daga ciki yake farawa, ya bi cinya, ya hau wuya, ya zarce gadon baya, gashin ya sauko gaba ɗaya kamar an tuɓe mata babbar riga. Ba a cika minti biyu ba ya sake ta, ya kamo wata. Ni aka ba ni aikin naɗe gashin ina cusawa a wani ƙaton buhu. Kafin azahar hannuwana sun yi santsi da maiƙonsa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kukan 'yan raguna a waje, suna bin iyayensu suna shinshina, sun kasa gane su da farko.

Maƙwabta sun zo taimako, matan gida sun yi girki, aka zauna aka ci tare. Gayya ce sak, irin wadda muke yi a gonar gero. Da na faɗa wa mai gonar haka, ya ce a zamanin kakansa kowace gona da ranarta, a gama nan a wuce can.

A wajen cin abincin ne na tambaye shi nawa zai samu. Ya girgiza kai ya ce kuɗin gashin ba zai biya masu askin ba. To don me ake yi? Don lafiyar dabbar kawai. In aka bar mata gashin cikin zafi, ƙuda zai yi ƙwai a ciki, tsutsa ta fara cin namanta tana raye. Wata kuma nauyin gashin kan sa ta kife rigingine ta kasa tashi har ta mutu.

Wannan fa ƙasa ce da ulu, wato gashin tumaki, ya gina. Har gobe shugaban Majalisar Dattawan Birtaniya kan matashin da aka cika da ulu yake zama, don tunawa da arziƙin da aka samu daga gare shi. Tun 1950 suke da hukumar da ke tattara ulu daga manoma tana sayarwa. Amma zaren roba ya karya kasuwar, a 2020 kuwa lokacin korona farashin ya faɗi har wasu manoma suka riƙa binne gashin ko su mai da shi taki. Shi ya sa yanzu wasunsu ke komawa ga irin tumakin da ba sa buƙatar aski. Akwai wanda ake kira Easycare, wani manomi mai suna Iolo Owen ne ya fara fitar da shi a tsibirin Anglesey tun shekarun 1960, gashinta gajere ne, da kansa yake zuba.

Ka ji fa. Abin da suka shafe shekaru suna nema ta hanyar barbara, mu Allah ya ba mu shi a turke.

Da na tura wa Kawu bidiyon ranar ta WhatsApp, cewa ya yi in bincika masa yadda za a kawo irin waɗannan masu ulu gida. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, wannan ba ta ƙasarmu ba ce." Ku duba dabbar da ke ɗauke da bargo mai nauyin kilo 2 a jikinta, a ce an ɗaure ta a Sakkwato cikin Afrilu, rana ta haura digiri 40. Wa zai aske ta, wa zai sayi gashin? Ga 'yar ƙasa fara mai baƙin kwalli a ido da baki, ga uda mai rabi baƙi rabi fari, ga balami mai tsayi da ƙira. Dukansu gashinsu gajere ne, suna jure rani da harawa da dusa da ɗan kanwa, su ba da nama, fatarsu ta tafi wajen majema ko ta zama buzun salla.

Inda suka fi mu daban ne, kuma shi nake so mu ɗauka. Kowace tunkiya a gonar nan da lamba a kunne. Mai gonar ya san wadda ke haihuwar tagwaye, ya san wadda ke yawan ciwon ƙafa, ya san ranar rigakafinsu. Ragon da ya fi kyau kuwa ba ya sayar da shi, shi ne uban garke. Mu kuma duk shekara in babbar Salla ta matso, zaɓaɓɓen ragon ne ke tafiya kasuwa, a bar wa tumaki ƙanana da ramammu su yi barbara, sannan mu dawo muna cewa irinmu ya lalace. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana aiki kan 'yar ƙasa, amma sau nawa mai kiwon ƙauye ya san zai iya neman shawara a can?

Na roƙi Kawu bana ya riƙe balamin nan nasa mai faɗin ƙirji, ya sayar da na biyun. Kuɗin dusar da zai ci har kaka, na ce ni zan aiko.