Kun ware masa kofi, kun bar reza ɗaya a banɗaki

Wannan saƙon da ake ta turawa, mai cewa idan akwai mai HIV ko ciwon hanta a gida a ware masa kofi da cokali da kwano, a hana shi shiga banɗakin da kowa ke shiga, ya ɓata min rai matuƙa. An jero kaya rututu, amma ko sau ɗaya ba a ambaci reza ba. Babu buroshin goge baki, babu abin yanke farce. An tsorata mutane da abin da ba ya cutarwa, an bar musu mai cutarwar a ajiye a gaban madubi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Jama'a, tambaya ɗaya za ku yi wa kowane kaya a gida: yana taɓa jini? In yana taɓawa, na mutum ɗaya ne. In ba ya taɓawa, ku bar bawan Allah ya sha ruwansa cikin kwanciyar hankali.

HIV ba ya bin yawu, ba ya bin gumi ko hawaye, ba ya bin kwano ko tawul ko kujerar masai, kuma sauro ba ya ɗaukar sa daga wani zuwa wani. Ƙwayar tana da rauni a wajen jiki, da zarar jinin ya bushe ƙarfinta ya ragu sosai. Ko ma'aikacin lafiya da allura mai jinin mai cutar ta soka, haɗarin kamuwarsa kusan 3 ne cikin 1,000. Allura ke nan da ta huda fata ta kai jini ciki. To ina ga bakin kofi?

Wanda ya kamata a ji tsoro a cikin gida shi ne ciwon hanta nau'in B, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci. Ya fi HIV saurin kama mutum sau 50 zuwa 100. Irin waccan sukar allurar, idan ta mai ciwon hanta B ce kuma wanda aka soka bai yi rigakafi ba, haɗarin yana kaiwa daga 6 zuwa 30 cikin 100. Ƙwayarsa tana zaune da ranta a busasshen jini aƙalla kwana 7. Ku duba rezar da aka yi aski da ita yau: tsakanin ƙarafan bakinta akwai guntun gashi da kumfar sabulu da ta bushe, kuma a cikinsu jinin ɗan yankan da mai askin ma bai ji ba yana iya maƙalewa. Ido ba ya ganin sa. Bayan kwana 5 ƙanensa ya ɗauka ya kankare haɓa, ya fasa ƙurji ɗaya, hanya ta buɗe. Nau'in C ma haka, ta jini yake bi, yana iya yin kwanaki har makonni a kan abu, kuma shi ba shi da allurar rigakafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, mafi yawansu ba su ma san suna da shi ba. Wannan kaɗai ya rusa dabarar ware kwano. Kuna gudun wanda ya yi gwaji ya faɗa muku gaskiya, kuna karɓar aron reza a hannun wanda bai taɓa gwaji ba.

Buroshi kuwa, mutane da yawa dasashinsu na zubar da jini idan suna goge baki, wani ya ga ja-ja a kumfar da ya tofar, wani ma ba ya lura. Gashin buroshin yana riƙe wannan jinin, kuma bakin mai amfani na gaba shi ma yana da nasa 'yan raunukan. Ɗauraye shi da ruwa ba ya isa. Kowa da nasa, launi daban-daban don kada a rikice, kuma kada a cusa su kai da kai suna gogar juna a kofi ɗaya. Abin yanke farce yana cin nama a gefen yatsa. Injin aski yana kartar ƙeya. 'Yan kunne, allurar huda kunne, abin tsigar gashi, duk hukuncinsu ɗaya. Sai wanda ba a cika tunawa da shi ba: alƙalamin da masu ciwon suga ke huda yatsa da shi. Ko an canza tsinken, jini yana taɓa bakin alƙalamin, kuma an sha samun ɓarkewar ciwon hanta B a gidajen kula da tsofaffi a Amurka ta wannan hanyar. Na mutum ɗaya ne, haka ma alƙalamin da suke yin allurar maganin suga (insulin) da shi.

Na san za a ce "ai riga-kafi ya fi magani, ware kofin me zai rage?" Yana ragewa. Yana sa mai cuta ya ɓoye sakamakonsa, ya daina zuwa karɓar magani don kada a gan shi, kuma yana ba 'yan gida kwanciyar hankalin ƙarya. Wasu kuma za su ce su a masai suka kwaso ciwon sanyi. Ƙwayoyin ciwon sanyi da na tunjere ba sa jure bushewa da sanyin waje, suna mutuwa da wuri, kuma hanyarsu saduwa ce, ko daga uwa zuwa jariri. Duk wanda aka gano yana da su, a yi musu magani shi da abokin kwanciyarsa a lokaci guda, in ba haka ba cutar za ta riƙa kai da komo tsakaninsu ana ɗora wa banɗaki laifi.

Tawul da zanin gado suna da nasu haɗarin, amma ba HIV ba. Ƙazuwa tana rayuwa kwana 2 zuwa 3 a jikin tufafi, kwarkwatar gaba kwana 1 zuwa 2. A wanke da ruwan zafi sosai, a shanya su bushe ƙarau, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda aƙalla kwana 3.

Idan jini ya zuba a ƙasa ko a kan teburi, a sa safar hannu, a fara tsane shi da takarda, sannan a zuba ruwan bilic, mudu 1 na bilic a mudu 9 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a goge. Haɗin yana rasa ƙarfi idan ya kwana, don haka a riƙa yin sabo, kuma kada a gauraya bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙinsa yana illata huhu. Mai rauni ya rufe shi da filasta. Tsohuwar reza da allura a jefa su cikin gwangwani ko roba mai kauri mai murfi, kada yaro ya tsince su a shara.

Idan har an riga an yanke da rezar wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada a tsotse, a nufi asibiti a ranar. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na ciwon hanta B ya fi amfani cikin awa 24. Gidan da ke da mai nau'in B, kowa ya yi gwajin jini, wanda ba shi da shi ya karɓi rigakafi: allura 3, yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa, domin kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu cutar tana zame musu ta dindindin, alhali a manya ba su kai 5 cikin 100 ba. Nau'in C ana warkewa da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12.

Tunda na taɓo maganar dasashi: idan naka yana jini kullum, kada ka daina goge wurin don tsoro, dattin da ya taru a gindin haƙori ne yakan kumbura shi. Ka koma buroshi mai laushi, ka riƙa gogewa a hankali sau 2 a rana, ka canza shi duk wata 3. In ya wuce mako 2 bai daina ba, ka je likitan haƙori ya duba.